An Gama Yaƙi, Soja na Jiran Sallama

Ranar 15 ga Janairun 1970, a barikin Dodan da ke Legas, Philip Effiong ya tsaya gaban shugaban Najeriya Yakubu Gowon ya karanta takardar miƙa wuya a madadin Biyafara. Yaƙin da aka soma a Yulin 1967 ya ƙare ke nan bayan wata talatin. Labarin bai tsaya a kan iyaka ba. Ana kama Rediyon Kaduna sarai a Gazawa da Agye da Tibiri a jihar Maraɗi ta Nijar, kuma mutanen wannan yanki sun bi yaƙin tun daga farkonsa, don bai yi musu nisa ba. Sarkin Maraɗi sarautar Katsina yake riƙe da ita, na Tibiri kuma ta Gobir. Shugaban hafsoshin sojan ƙasa na Najeriya a lokacin, Hassan Usman Katsina, ɗan Sarkin Katsina Usman Nagoggo ne. Shugaban Nijar Diori Hamani ya tsaya bayan gwamnatin tarayya duk da cewa Faransa ta karkata wajen Biyafara, kuma a Yamai aka yi ɗaya daga cikin zaman neman sulhu, a Yulin 1968, inda Gowon da jagoran Biyafara Ojukwu kowanne ya je ya gana da kwamitin shugabannin Afirka.

Abin da aka fi tunawa daga wannan lokaci shi ne furucin Gowon cewa babu wanda ya ci, babu wanda aka ci, da shirinsa na sulhu da gyara da sake gini. Amma akwai tambayar da ta kwana a ran farabiti da kofur a Owerri da Aba da Umuahia da Anaca: yaushe za a sallame mu? Amsar ta ci kusan shekara goma kafin ta zo, wasu ma sun mutu ba su ji ta ba.

Kafin yaƙi, sojan Najeriya gaba ɗaya wajen mutum 10,000 ne. A farkon 1966 manyan bataliyoyin ƙasa biyar ne, a Inugu da Ikeja da Kaduna da Ibadan da Kano. Ranar da aka ajiye makamai kuwa ana ƙiyasta rundunar da mutum 250,000. An ninka ta fiye da sau ashirin cikin shekara uku. An kira tsofaffin da suka yi yaƙin Bama a zamanin Turawa suka sake sa kaki. An buɗe ƙofa ga manoma da ƴan dako da masu neman aiki a birane, har da yaran da suka ƙara wa kansu shekaru don a ɗauke su. Horon da a da ake yi wata da watanni a Defo na Zariya aka taƙaita shi zuwa ƴan makonni: a koya wa kurtu riƙon bindiga da bin umarni, a sa shi a jirgin ƙasa ko a bayan babbar mota ya nufi kudu. A fagen daga igiyoyi suka riƙa hawa kafaɗa da sauri, saboda mutuwa tana barin gurbi. Saje ya zama samanja, samanja ya zama hafsa, ba tare da ya zauna jarrabawar da doka ta tanada ba.

Duk wannan an yi shi ne da tunanin yaƙi, ba wanda ya tsaya lissafin ranar da yaƙin zai ƙare. Da ranar ta zo, matsalar farko ita ce ta wurin kwana. Lamarin ya zama kamar gidan da aka gina wa mutum goma, aka wayi gari mutum 250 sun sauka, kowa da iyalinsa, kuma babu mai ranar tafiya.

A gabas, inda yaƙin ya ƙare, sojoji suka ci gaba da zama a makarantu da gine-ginen gwamnati da gidajen da masu su suka gudu suka bari. Ajin da yara za su koma karatu ya zama ɗakin kwanan mutum ashirin, an jera gadajen tafi-da-gidanka da tabarmi, an rataye kaki a ƙusar da ke gefen allo, akwatunan harsashi sun zama kujeru. Da aka fara mayar da rundunoni mazauninsu na dindindin, ta ɗaya a Kaduna, ta biyu a Ibadan, ta uku daga Fatakwal zuwa Jos, sai matsalar ta bi su. A bayan garuruwa aka kakkafa ɗakunan kwano da katako da zana, zafi da rana, yoyo da damina, ban-ɗaki ɗaya ga layi guda. Wanda bai samu ko wannan ba ya shiga gari ya kama hayar ɗaki, da bindigarsa a ƙarƙashin gado. Garuruwan da ba su taɓa ganin bariki ba suka wayi gari da bataliya a gefensu.

Yinin sojan da ke jira ba shi da wuyar bayani. Da asuba a busa begila, a fito fareti, a kira suna. A yi sharar fili, a shafe duwatsun bakin hanya da farar ƙasa, a yanke ciyawar da aka yanke shekaranjiya. Waɗanda gadi ya faɗo kansu su tafi ƙofa. Kafin rana ta take tsaka aiki ya ƙare, sauran yinin kuma na mutum ne. Atisaye na sosai yana son motoci da mai da harsashi da malaman da za su koyar, kuma babu ko ɗaya da ya isa wannan taron jama'a. Sai dara da karta a gindin mangwaro, sai rumfar mai burkutu, sai kasuwar mami. Mutumin da ya shekara biyu yana kwana a rami da yatsa a kan kunama, yanzu babban abin tsoronsa shi ne samanja ya same shi da takalmi ba gogewa ya tura shi gadurum.

Ranar biya ita ce ranar da bariki ke raye. A kafa tebur a inuwa, mai biya ya zauna da akwatin kuɗi da littafi, dogarinsa a tsaye. A kira lamba, soja ya tako ya ƙame ya sara, ya dangwala yatsa ko ya sa hannu, ya karɓi famfamai, daga Janairun 1973 kuma nairori, ya sake sarawa ya juya. Bai yi taku ashirin ba zai tarar da masu jiransa: mai tuwon da ta ciyar da shi wata guda bashi, tela, mai kanti, mai adashe, da wanda zai tafi arewa ya kai wa tsohuwa saƙo. Abin da ya rage cikin aljihu ba kasafai yake ganin tsakiyar wata ba.

Aure ya yawaita. Da yawa sun auro matan garuruwan da suka zauna, wasu da yardar iyaye da sadaki, wasu kuwa da ƙarfin kaki, kuma mutanen can ba su manta da wannan ba har yau. Wasu suka aika gida aka kawo musu matansu. Layukan kwanon nan suka cika da yara masu tashi da Hausar bariki a baki, ko da uba Batibi ne uwa kuma Ibo. Matan soja suna da shugabarsu, wadda a barikin Najeriya ko'ina ake kira magajiya. Ita ke raba faɗan kishi da na famfo, ita ke duba tsabtar layi, ita ke kai kukan mata gaban samanja. A shekarun jiran nan aikinta ya fi na hafsoshi da yawa nauyi, don ita ke ganin abin da zaman kashe wando da giya da mafarkin yaƙi ke yi wa magidanci a cikin ɗakinsa. A lokacin babu likitan da ke tambayar soja abin da ke hana shi barci.

Zaman soja cikin farar hula ba tare da shinge ba ya haifar da abin da ake gudu. Rigima kan kuɗin haya, kan kuɗin mota, kan mace, kan wanda zai kauce wa wani a hanya, ta zama ruwan dare, kuma ɗan sanda ba ya iya kama mai kaki ya kwana lafiya. Ɗaya daga cikin mafi muni da aka rubuta shi ne na garin Ugep, a Jihar Kuros Riba ta yau. A Disambar 1975 aka tsinci gawar wani soja, abokansa suka ɗora wa mutanen gari laifi, suka afka musu da dare, suka kashe mutane suka ƙone gidaje masu yawa. Wannan ya faru shekara kusan shida bayan an ce yaƙi ya ƙare.

Me ya hana Gowon sallamarsu? A jawabinsa na 1 ga Oktoban 1970 ya jera abubuwa tara da gwamnatinsa za ta gama kafin ta miƙa mulki a 1976, kuma sake tsara rundunar soja na cikinsu. Sai dai tsoro ya fi niyya ƙarfi. Bindigogi sun bazu a ƙasa, fashi da makami ya tashi a biranen kudu yadda ba a saba gani ba. A 1970 aka kafa dokar da ta yanke hukuncin kisa ga ɗan fashi, aka fara harbe su a bainar jama'a a bakin teku a Legas. A Satumbar 1971 dubban mutane suka taru kallon harbin ɗan fashi Ishola Oyenusi. Gwamnatin da ke wannan fama ba ta ga yadda za ta saki mutum dubu ɗari da suka iya bindiga, ba gona ba sana'a, su shiga gari ba.

Manyan hafsoshin sun kuma san abin da ya faru a ƙarshen yaƙin duniya na biyu. A sansanin Thiaroye kusa da Dakar, ranar 1 ga Disambar 1944, sojojin Afirka ta Yamma da suka dawo daga zaman fursuna a Turai suna jiran sallama suka nemi a biya su ariyas ɗinsu, sojan Faransa ya buɗe musu wuta. Hukuma ta ce mutum 35 suka mutu, masana tarihi da dama sun ce sun fi haka nesa. A Akara, ranar 28 ga Fabrairun 1948, tsofaffin soja suka yi maci zuwa fadar gwamna kan alkawuran da ba a cika ba, aka harbe uku daga cikinsu, tarzomar da ta biyo baya ta girgiza mulkin Ingila a ƙasar. Sojan da aka sallama hannu rabbana abin tsoro ne ga kowace gwamnati, balle gwamnatin da kujerarta ke kan kafaɗar soja.

Sai kuma man fetur ya zo ya sauƙaƙa ɗage magana. Daga ƙarshen 1973 farashin ɗanyen mai ya ninka kusan sau huɗu, baitulmali ya cika, biyan albashin mutum 250,000 ya daina zama abin tayar da hankali a Legas. Ƙarin albashin kwamitin Udoji da aka biya a 1975, har da ariyas, ya ƙara wa kakin daraja.

A nan ne labarin ya taɓo yankinmu kai tsaye, kuma a nan ne ya kamata a yi wa sojan adalci. Ba kowane soja ne ke ɗokin sallama ba. Shekarun jiran sun faɗa daidai kan farin 1972 zuwa 1974. Daga Daura da Katsina zuwa Isa da Sabon Birni, daga Gazawa zuwa Gidan Rumji, gero bai yi ba, dabbobi suka faɗi, gyaɗar da ke kawo kuɗi ta karye, cutar da ta afka mata a 1975 kuma ta ƙarasa ta. A Nijar wannan yunwa na cikin abin da ya kayar da Diori ranar 15 ga Afrilun 1974. Samarin ƙauyukan jihar Maraɗi suka kwarara kudu ci-rani. Sojan da ya fito daga irin wannan ƙasa ya san abin da ke jiransa a gida, don wasiƙu suna zuwa. Albashinsa ne ke sayen hatsin gidan ubansa. A ransa yana son ya tuɓe kakin ya huta da ihun samanja, amma ya san ranar da ya tuɓe shi tukunyar mutum goma sha za ta sauka daga murhu. Saboda haka duk lokacin da jita-jita ta zaga cewa jerin sunayen waɗanda za a sallama ya iso ofis, wasu murna suke, mafi yawa kuwa cikinsu ne ke ɗurar ruwa. Mutum ba ya iya sayen fili ko ya sa ɗa a makaranta da natsuwa, don bai san inda zai kasance baɗi ba.

Da gwamnati ta yanke shawarar gina barikoki, sai aka yi abin da har yau ake ba da labarinsa. A tsakanin 1974 da 1975 hukumomin Najeriya suka yi odar siminti wajen tan miliyan 20, kuma tan miliyan 16 daga ciki na Ma'aikatar Tsaro ne. Tashar jiragen ruwa ta Legas ba ta iya sauke ko kusa da wannan a shekara. Jirage fiye da 400 suka yi layi a teku wata da watanni, ana biyan kowanne kuɗin jira kullum, simintin yana daskarewa a cikinsu, abinci da magani sun rasa hanyar shigowa. Dillalai da ƴan kwangila suka yi kuɗi. Sojan da aka yi odar da sunansa yana nan a ɗakin kwanonsa yana tara ruwan yoyo a kwano. Wannan badaƙala tana cikin abubuwan da suka zubar da mutuncin gwamnatin Gowon, wadda tun 1 ga Oktoban 1974 ta janye alkawarin miƙa mulki. Ranar 29 ga Yulin 1975, yana taron shugabannin Afirka a Kampala, aka hamɓarar da shi.

Murtala Muhammed, wanda ya gaje shi, ya zo da zafinsa. Ya kori dubban ma'aikatan gwamnati, ya kuma sanar da niyyar rage soja da mutum 100,000. Sabon shugaban sojan ƙasa, Theophilus Danjuma, ya fito fili ya koka cewa albashi ne ke cinye kusan duk kuɗin rundunar, ba a bar na kayan aiki da horo ba. Aka ce hafsoshin da suka samu muƙami a fagen daga su zauna jarrabawa. Ga mutumin da ya jagoranci kamfani a ƙarƙashin ruwan harsashi amma bai gama firamare ba, wannan hukunci ne da aka riga aka yanke. Tsoron sallama da ƙorafin ƙarin girma suna cikin abubuwan da masu yunƙurin juyin mulkin 13 ga Fabrairun 1976 suka fake da su. A safiyar nan aka kashe Murtala a kan titi a Legas. Laftanar Kanar Buka Suka Dimka da ministan tsaro Manjo Janar Iliya Bisalla na cikin waɗanda aka harbe daga baya.

Olusegun Obasanjo, wanda ya gaji Murtala, ya ci gaba da ragin, amma a hankali, ƙungiya-ƙungiya. Aka fara da tsofaffi da marasa lafiya da waɗanda rauni ya naƙasa, sannan waɗanda suka nemi tafiya da kansu. Rarar sojan ta kai har aka tura wasu makarantun sakandare su riƙa ladabtar da ɗalibai. Dubun-dubata sun tafi kafin a miƙa wa Shehu Shagari mulki a Oktoban 1979, amma ragin bai ƙare a nan ba, ya shiga shekarun 1980.

Wanda aka sallama yakan fito da takardar sallama da ɗan kuɗin garatuti. Masu sa'a sun bi ta cibiyar Oshodi a Legas, inda ake koyar da kafinta da ɗinki da walda da kiwon kaji, sai dai gurbin bai kai yawan masu bukata ba. Da yawa suka ƙare a ƙofar banki da masaƙa da gidajen manya suna gadi, da hular ƴan mazan jiya a kai. Fansho kuwa ya zama wani jiran na biyu. Fayil ya ɓata, suna bai fito ba, a zo tantancewa Legas, daga baya a zo Abuja. A farkon shekarun 2000 an ga tsofaffin soja suna kwana a titunan Abuja suna jiran a tantance su, kuma har cikin shekarun nan waɗanda aka sallama a ƙarshen shekarun 1970 suna fitowa zanga-zanga da sanduna da furfura suna neman haƙƙinsu.

Sojan Biyafara shi ko jiran bai samu ba. Ƙananan suka tuɓe kaki suka saje da jama'a. Hafsoshin da a da suke cikin sojan Najeriya aka gurfanar da su gaban kwamitin Janar Adeyinka Adebayo: aka mayar da wasu, aka kori wasu, aka tsare wasu har 1974. Naƙasassunsu suka taru a Oji River suna bara a bakin hanya. Sai a shekarar 2000 Obasanjo, da ya dawo mulki, ya mayar da korar ta zama ritaya don su samu fansho.

Nijar ba ta yi yaƙi mai girman wannan ba, amma ta ɗanɗana irin jiran. Tawayen arewa da ya tashi a farkon shekarun 1990 an rufe shi da yarjejeniyar 24 ga Afrilun 1995, wadda Rhissa Ag Boula ya sa wa hannu a madadin ƴan tawaye, ranar da ƙasar ta mayar ranar hutu don tunawa da ita. Aka ƙara da ta Aljes a 1997 da ta Njamena a 1998. Aka tara mayaƙa a sansanoni, aka rubuta sunayensu, aka ce su jira. An shigar da wasu soja da jandarma da kwastan da rundunonin tsaron Sahara, shugabanni suka samu muƙamai. Ranar 25 ga Satumbar 2000 aka ƙone bindigogi sama da dubu a Agadas a bikin wutar zaman lafiya. Amma mayaƙa fiye da 3,000 na Ayar da Azawak da aka yi wa alkawarin jari don su koma farar hula sun shafe shekara goma suna jira, kuma abin da ya iso hannunsu a ƙarshe bai taka kara ya karya ba. A Fabrairun 2007 aka kai hari Iferwan, ƙungiyar ƴan tawaye ta MNJ ta bayyana, kuma rashin cika alkawuran 1995 na kan gaba a ƙorafinta. Sai a 2009 wutar ta lafa.

Ƴan ci-ranin Maraɗi da ke Kwaddibuwa sun ga wani salon. Rikicin ƙasar ya ƙare a Afrilun 2011. A Janairun 2017 tsofaffin ƴan tawaye 8,400 da aka shigar soja suka yi bore daga Buwake, suka tare hanyoyi, gwamnati ta amince ta biya kowanne sefa miliyan 12. Da biyan ya tsaya suka sake fitowa a watan Mayu. Abokansu da aka riga aka sallama, waɗanda ba bindiga a hannunsu, suka fito neman nasu kason, ba su samu ba, wasu ma suka rasa rayukansu a wajen.

Dalilin tono wannan tarihi yana nan a gabanmu. A ƙarshen 2020 ministan tsaron Nijar na lokacin, Issoufou Katambé, ya gaya wa majalisa cewa za a ninka soja daga 25,000 zuwa 50,000 cikin shekara biyar, daga baya aka ɗaga burin zuwa 100,000 a 2030. Babu mai musun bukatar. Mutanen gundumar Gidan Rumji da Madarumfa sun san satar shanu da ɗaukar mutane don kuɗin fansa, sun karɓi dubban ƴan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara da Katsina tun 2019, sun ga sojojin rundunar Farautar Bushiya suna sintiri a bakin iyaka. A ƙetare, Jihar Katsina ta ɗauki nata dakarun tsaron al'umma a 2023, Zamfara ta kafa Askarawa a 2024, ga ƴan banga da ƴan sa-kai da babu wanda ya san adadinsu. Duk lokacin da aka buɗe ɗaukar soja, samarin Agye da Cadawa da Gangara da Gidan Sori suna cikin masu yin layi da takardunsu a hannu. Kowane ɗaya daga cikinsu, in Allah ya ja kwana, akwai ranar da za a ce ya ajiye bindiga.

Inda zai koma shi ne abin dubawa. Ƙidayar 2012 ta samu mutum sama da miliyan 3 da dubu 400 a jihar Maraɗi, kuma kudancinta na cikin wuraren da suka fi cunkoso a ƙasar. A Agye da Gazawa daji ya ƙare, saura ta ƙare, gona tana ƙanƙancewa duk lokacin da aka raba gado. Sassaben zamani da manoman Ɗan Saga da maƙwabtansu suka yi suna da shi ya dawo da itatuwa cikin gonaki ya kuma ƙara albarka, amma bai ƙara faɗin ƙasa ba. Saurayi da yawa rashin gonar ne ma ya kai shi layin ɗaukar soja. A ce masa ya koma noma ranar sallama, an mayar da shi wurin da ya gudo ne, da mata da ƴaƴa a bayansa, wataƙila da ƙafa ɗaya.

Abubuwan da Najeriya ta rasa a 1970 ba masu wuyar ganewa ba ne, kuma duk a lokacin da ake ɗaukar mutum ake tanadinsu. Rajista sahihiya, wadda ta san sunan kowa da ranar shigarsa da garinsu da magajinsa, ita ce ke hana fayil ɓata bayan shekara talatin. Ɗakin kwana a gina shi tare da ƙarin runduna. Sana'a a koya wa soja ita yana cikin kaki yana karɓar albashi, don wata uku a ƙarshen aiki ba ya mayar da mai shekara arba'in makaniki. Likitan da zai saurari wanda ba ya barci ya kasance a bariki. Mai kakin gwamnati ma ke nan, wanda doka ta san da shi. Ɗan sa-kai da aka ba bindiga ba lamba ba takarda ya fi shi shiga haɗari, don ranar da aka daina bukatarsa babu ofishin da zai je ya buga ƙofa.

Akwai kuma abin da ke hannun gari. Gonar wanda ya tafi soja ba ta zama haka nan: ƙane ya noma ta, ko a ba da ita aro, ko a jinginar da ita a shekarar da hatsi bai kai ba. Bayan shekara goma sha biyar shaidun sun mutu, iyaka ta goge, wanda ke ciki ya ɗauka tasa ce. Irin wannan shari'a tana cikin masu cika zauren mai gari da fadar hakimi a jihar Maraɗi. Dokar karkara ta Nijar, wadda aka soma a 1993, ta tanadi hukumomin filaye tun daga gunduma har ƙauye, kuma suna da ikon rubuta takardar aro da ta jingina da ta gado. Iyalin da ɗansu zai tafi horo suna iya zuwa da shi gaban mai gari da wakilin hukumar, da shaidu biyu, a rubuta wace gona ce tasa, wa zai riƙe ta, da sharaɗin da za a mayar masa da ita in ya dawo.